Zazzaɓi Ya Tafi, Hannu Na Rawa

Duk wanda ya tashi a Damagaram ba sai an koya masa darajar ruwa ba. Garin a kan dutse yake zaune, ga duwatsun nan manya-manya suna leƙowa ta tsakanin gidajen Birni, dutse kuwa ba ya ajiyar ruwa. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau ruwan famfon da muke sha daga nesa ake turo shi, daga wajajen Gogo da Arunguza. Shi ya sa mutanenmu suka san halin rijiya ciki da bai.

Ka shiga garkar wani a Mirya cikin watan Afrilu, ka tsaya ka kalli mai ita yana ban ruwa. Gugan farko zai fito cike, ruwan garau. Can sai ka ga igiya tana ƙara tafiya kafin a ji ƙarar faɗawar guga, sai ya dawo rabi, sannan ya fara zuwa da ruwa ja mai laka. A nan mai garka zai naɗe igiyarsa ya koma inuwar mangwaro. Ba zai zagi rijiyar ba, ba zai ce an yi mata asiri ba. Ya san ruwa yana nan yana tsattsafowa ta cikin yashi a hankali, ya kuma san in ya matsa, laka zai kwaso, ya ƙwaƙule gindin rijiyar har wata rana ta rufta. Gobe da asuba zai tarar ruwa ya taru, sai ya ɗiba gwargwadon abin da ya taru.

Abin da ke damuna shi ne wannan haƙurin da muke yi da ramin ƙasa, ba ma yin sa da mutumin da ya tashi daga zazzaɓi.

Akwai wani saurayi ɗan maƙwabcina, ɗalibi ne, kuma shi ne mai dafa shayi a fadarsu. Wanda ya san fada ya san dafa shayi gwaninta ce. A ɗora ƴar buta a kan murhun waya, a fifita gawayi, in ya tafasa a ɗaga butar sama a tsiyayo shi siriri cikin ɗan kofin gilashi, a juye daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta hau. Yaron nan da ko ɗigo ba ya faɗa masa a faranti. Bayan ya tashi daga wata doguwar kwanciya, na ga ya ɗaga buta, bakinta yana kaɗawa, shayin yana sauka a gefen kofi. Ya sauke hannun ƙasa-ƙasa, ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, duk da haka gilashin yana ƙara a kan faranti.

Wani cikin abokansa ya ce, "Kai, ko ka fara taɓa tramol ne?"

Ya ce, "Wallahi ban taɓa sha ba. Tun ciwon nan ne."

"Wane ciwo kuma? Ai ka warke tuntuni."

A gida ma haka. Mahaifinsa yana ganin ragwanci ne ya shige shi, tunda yaron da ke ɗebo wa gida ruwa yanzu jarka ɗaya ke sa shi neman bango ya jingina. Gwaggonsa ta ce iska ce, a nemo turare. Mahaifiyarsa ce kawai ta tare ni a zaure ta ce, "Malam, yaron nan fa bai dawo ba. Yana ci, yana tafiya, amma ni na haife shi, na san ba shi ba ne." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki. Ku dai ba shi lokaci, a kuma koma wurin likitar da ta duba shi."

Ciwon ya faro masa ne kamar kowane zazzaɓi. Aka ce na sauro ne, aka sha magani, bai sauka ba. Maƙogwaro ya kumbura har haɗiyar miyau ta zama aiki, kaluluwa ta fito a wuya gaba da baya. Aka sayo amoksisilin wurin mai tallar magani, kwana kaɗan ƙuraje suka feso masa jiki duka. Har an fara zancen a kai shi wurin wanzami a cire beli, Allah ya sa ba a kai ba. Da aka je asibiti aka ɗebi jini, likita ta ce zazzaɓin kaluluwa ne, wanda a bakinsu suke kira mononukiliyoz. Ta ce ba shi da wani magani na kansa sai hutu da yawan shan ruwa da farasetamol, ƙurajen nan kuma sanannen abu ne ga mai wannan ciwo in ya sha amoksisilin. Ƙwayar da ke kawo shi birus ce, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta.

Wannan ƙwaya, da ake kira Epstein-Barr, ta hanyar yaran Afirka duniya ta san ta. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wata irin sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura ta fi yawa a yankuna masu zafi da damshi, inda zazzaɓin sauro ya yi katutu. Anthony Epstein ya ji laccarsa a Landan a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin daga Yuganda. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango ƙwayar a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Ba a san ita ce ke kawo zazzaɓin kaluluwa ba sai da wata ma'aikaciyar ɗakin bincike na Werner da Gertrude Henle a Filadelfiya ta kwanta da ciwon, aka gwada jininta na kafin ciwo da na bayansa aka ga bambanci, aka buga sakamakon a 1968. Yau an san fiye da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da ita, kuma in ta shiga jiki ta zauna ke nan har ƙarshen rai, galibi ba tare da ta sake tayar da komai ba.

To me ya sa ba mu cika jin sunan ciwon a nan ba? Saboda ta miyau ake ɗaukarsa, mu kuwa tun muna goye muke haɗa baki da jama'a. Uwa ta tauna abinci ta sa wa jaririnta, yara su zagaye ƙwaryar fura da ludayi ɗaya, kowa ya sha da moɗar da ke kan randa. Akasarin yaran Afirka suna kamuwa kafin su cika shekara uku, kuma a wannan shekarun ƙwayar takan wuce shiru, ko da ɗan zazzaɓin da ba wanda zai tuna. Wanda ta tsallake shi har ya balaga, shi ne in ta same shi take kayarwa. Don haka a Turai da Amurka ciwon samari ne da ƴan jami'a. A wurinmu bai kai haka yawa ba, amma yana nan, kuma ina kyautata zaton da dama daga masu shi an yi musu maganin sauro da na taifot ne har suka miƙe don kansu. Tsakanin shigar ƙwayar da bayyanar ciwo akan yi mako huɗu zuwa shida, saboda haka neman wanda ya shafa wa wani ɓata lokaci ne, ware wa yaro kofinsa har abada kuma zalunci ne, tunda kusan duk mutanen gidan suna ɗauke da abin da ake gudu.

Zazzaɓin da ciwon maƙogwaron sukan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Abin da ke biyo baya shi ne ba mu da masaniyarsa, kuma a nan ne ake cutar da mutane.

Mu fara da rawar hannun. Kowane ɗan Adam hannunsa yana rawa, ko da lafiyarsa ƙalau. Miƙe hannunka gaba, ka buɗe yatsu, a ɗora maka takarda a bayansa, ka dubi gefen takardar: za ka ga yana ɗan kaɗawa. Tsoka ba ta riƙe abu da jan gaba ɗaya, ƙananan zaruruwanta ne ke karɓa-karɓa, wasu su ja wasu su saki, sau takwas zuwa goma sha biyu a daƙiƙa. Mai ƙarfi ba a ganin nasa. Amma wanda ya yi makonni a kwance, bai ci abin kirki ba saboda maƙogwaro, tsokarsa ta zube, barcinsa ya rikice, to aikin da zaruruwa kaɗan ke yi a da yanzu sai an tara masu yawa, kuma nan da nan suke gajiya. Sai rawar da ke ɓoye ta fito fili. Ita ce ke sa ƙafa ɓari bayan an hau matakala, ita ce ke sa cinya makyarkyata in an daɗe a ruku'u. Akwai kuma motsin tsoka da kanta, a damtse ko a ɗan maraƙin ƙafa ko a fatar ido, irin wanda tsofaffinmu ke cewa za ka ga baƙo. Mafi yawansa ba komai ba ne face gajiya da ƙarancin barci, kuma yakan tafi.

Sannan akwai abubuwan da muke ƙara wa rawar da hannunmu. Shayin fada mai kauri ne, musamman na farko, kuma sinadarin da ke cikinsa mai wartsake mutum shi ne dai ke cikin goro da kofi, kuma an san yana ƙara rawar hannu da bugun zuciya, ya kuma kore barcin da mai murmurewa ya fi buƙata. Yunwa tana ƙara ta. Fargaba tana ƙara ta, shi ya sa yaron nan da ya san ana kallon hannunsa sai abin ya ninka. Maganin asma na shaƙawa ma yakan kawo ta. Amma wanda ya fi tsorata ni shi ne tramol. A garin nan ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗan kabu-kabu da lebura da mai tura kurar ruwa wasu da shi suke tashi aiki. Saurayin da ya tashi daga ciwo ya ga jikinsa ya mutu, abokai suna masa dariya, gida ana masa gori, shi ne ya fi kowa sauƙin faɗawa hannun mai cewa ga abin da zai dawo maka da ƙarfi. Tramol ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Rufe bakin jiki yake yi don kada ya faɗi gajiyarsa, sannan shi kansa yana kawo rawar jiki, in an yawaita har farfaɗiya. Jiki magayi ne, kuma wanda ya toshe masa baki zai ji labarin a makare.

Tsawon wane lokaci abin ke ɗauka? An bibiyi masu wannan ciwo a wurare daban-daban. A yankin Dubbo na Ostireliya an bi mutum 253 da suka kamu da zazzaɓin kaluluwa da wasu cututtuka biyu masu zazzaɓi, aka buga sakamakon a 2006: bayan wata shida, kusan 12 cikin 100 suna fama da kasala da ciwon tsoka da rikicewar barci da rashin tattara hankali. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne, abin da ya fi nuna wanda zai daɗe bai farfaɗo ba shi ne tsananin ciwon tun farko, ba halin mutum ko raunin zuciyarsa ba. A Shikago kuma an bi samari da ƴan mata 301, aka buga a 2009: bayan wata shida 13 cikin 100 suna cikin matsananciyar gajiya, bayan shekara ɗaya suka koma 7, bayan shekara biyu 4. Adadin yana faɗin abu biyu, kuma dukansu gaskiya ne. Mafi yawa suna komawa daidai cikin makonni ko ƴan watanni, har waɗanda suka jinkirta ma akasarinsu suna isowa. Amma ɗaya cikin goma da ke cewa har yanzu bai dawo ba bayan rabin shekara, ba ƙarya yake yi ba. Kuma ba wannan ciwo kaɗai ke barin irin wannan saura ba. Taifot yana bari, zazzaɓin sauro mai tsanani yana bari, korona ma ta bar wa mutane da yawa har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanin yadda za a gane shi a 2021.

Ranar da ta fi haɗari ga mai murmurewa ita ce ranar da ya farka ya ji garau. A ranar zai ce bari ya rama duk abin da ya wuce shi: ya wanke kaya, ya je kasuwar Dole, ya buga ƙwallo da yamma, ya raba dare a fada. Ba a ranar zai ji ba. Washegari ko jibi sai ya kasa ɗaga kai daga filo, ya yi kwanaki kafin ya koma inda yake. Mutanen gida kuwa su ce, ai shekaranjiya ƙwallo ka buga, yau kuma ka ce ba ka iya zuwa makaranta? A ganinsu hujja ce a kansa, alhali ita ce alamar ciwon kanta. Ya zura guga ne har laka. Dabarar ita ce ta mai garka: ya san iyakar abin da zai iya yi ba tare da ya biya da kwanciya gobe ba, ya tsaya kafin ya kai can, in ya yi kwanaki a haka lafiya ya ƙara kaɗan. Kwanciya dindindin ma ba ta da amfani, don tana ƙara zubar da tsoka. Ƴar tafiya zuwa masallaci da sanyin safiya, zama a rana kaɗan, abinci mai gina jiki irin wake da ƙwai da nono da zogale, barci a kan lokaci, da rage shayi, su ne aikin.

Akwai wani wuri guda da ba a sassauci, shi ne saifa. Kusan rabin masu zazzaɓin kaluluwa saifarsu tana kumbura, ta yi laushi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Fashewarta ba ta da yawa, ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma in ta faru jini ne ke zuba a cikin ciki, kuma tana kisa. Likitoci suna hana duk wasan da ake karo a cikinsa da ɗaga abu mai nauyi na aƙalla mako uku zuwa huɗu daga fara ciwo, wani lokaci fiye, har sai an duba an tabbatar ta koma. A ƙasar da kokowa ta zama abin alfahari, ake gasar kokowar cin takobi tun 1975, kowane yaro a unguwa yana son a ce ya kayar da wani, wannan magana ce ta rai. Haka samarin da ke ɗaga ƙarfe a lunguna, da mai ɗaukar jarka biyu a kafaɗa. Tsaga ko ƙaho a kan kumburarriyar saifa kuwa ƙarin rauni ne ga wanda ba shi da jinin da zai bayar.

Ba wai al'adarmu ba ta san hutun jinya ba ce. Ta san shi sarai. Mai jego kwana arba'in ake ba ta, a ɗauke mata aiki, a dama mata kunu, a gasa mata nama, wata tsohuwa ta tare a gidan don ita. Ɗan kaciya ana killace shi a ciyar da shi har ya warke. Wanda ya karye, maɗori ne ke faɗin ranar da zai taka, ba wanda ke ce masa rago kafin ranar. Duk waɗannan ana ganin dalilinsu da ido: ga jariri, ga rauni, ga karan ɗori. Mai tashi daga zazzaɓi ba shi da abin nunawa. Yana kwance ana ta sintirin dubiya, ana kawo lemo da kunu, ana ya jiki, ya ƙarfin jiki. Ranar da aka gan shi a ƙofar gida da riga a wuya, dubiya ta ƙare, sai bashi ya taso: makaranta tana jiran jarrabawa, maigidan shago yana jiran yaronsa, gida yana jiran ruwa. A lokacin da ya fi buƙatar a yi masa uzuri, a lokacin ake janye shi. Addini bai yi mana wannan tsanani ba. An yarda mara lafiya ya ajiye azumi ya rama daga baya, an yarda wanda tsayuwa ke wahalarwa ya yi salla a zaune. Saurayin da hannunsa ke rawa, jiri na ɗibarsa, ya dage sai ya kai azumi cikin zafi don kada a ce masa rago, ya kamata babba a gidan ya zaunar da shi, a tambayi likita a tambayi malami.

Na san akwai wanda zai ce hutu na mai hali ne. Gaskiya ne, ga-ruwan da bai fita ba yau, gidansa ba a ɗora tukunya ba. Amma wannan ba dalili ba ne na a ce masa ƙarya yake, dalili ne na a ɗauke masa wani abu. Ƙane ya karɓi kurar na rabin yini. Maigidan shago ya mayar da yaronsa kan kujerar karɓar kuɗi maimakon sauke buhu. Malamin makaranta ya yarda ɗalibi ya riƙa zuwa darasin safe kawai na ɗan lokaci. Ƴan fada da ke haɗa kuɗin sukari da gawayi kullum ba za su gaza haɗa wa ɗayansu na abinci ba. Wata biyu na irin wannan rangwame ya fi sauƙi ga kowa a kan shekara guda ta tashi-faɗi.

Sai dai haƙuri da mai murmurewa bai zama a zauna a zuba ido ga komai ba. Ciwo mai tsanani a cikin ciki ta hagu, ko a kafaɗar hagu, tare da jiri da gumi, asibiti ne nan take, ko da tsakar dare. Haka in numfashi ko haɗiya ya gagara, ko ido ya yi ruwan ɗorawa irin na shawara, ko wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani, ko baki ya karkace. Rawar da ta zo da mutuwar ƙafafu tana hawowa sama, mutum yana tuntuɓe ko ya kasa tashi daga tsugune, ba gajiya ba ce, jijiyoyi ne, kuma ba ta jira. Rawar da ta tsaya a gefe ɗaya na jiki, ko take ƙaruwa maimakon raguwa, ita ma a kai wa likita. In kuma watanni sun shuɗe kasala ba ta sassauta ba, musamman in da rama ko tari ko zufar dare ko zazzaɓi mai dawowa, kada a ɗora wa tsohon ciwo laifi. A nemi awon ƙarancin jini, da na sukari, da na hanta, da na tarin fuka, da na ƙanjamau, a kuma duba ƙullin nan na gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, don in aikinsa ya yi yawa yana kawo rawar hannu da rama da bugun zuciya, kuma yana da magani.